Gadina Hambali da Gawon Filin Bariki

Hambali bai taso da niyyar zama gadina, wato mai kula da lambu, ba, don a gidansu ba a ma san akwai sana'a mai wannan suna ba. Mutanen wani ƙauye ne a gabashin Gwaram, masu shanu kaɗan da gona kaɗan, Fulatancin ma ya gudu daga bakinsu tun zamanin kakansa, sai 'yan kalmomin tsawata wa saniya suka rage. A wurinsu ciyawa iri biyu ce, wadda dabba ke ci da wadda take tsallakewa. Saboda haka ranar da ya iso Birnin Kudu neman aikin rani, shekara guda kafin a sami mulkin kai, ya ga wani dattijo ya duƙa yana ba ciyawa ruwa da garwa a gaban barikin saukar baƙi, sai ya tsaya a bakin waya ya saki baki. Ya tambayi dattijon shanun wa za a kawo. Dattijon ya ce babu shanu, Bature ne ke son ya buɗe taga ya ga kore. Hambali ya yi dariya har da riƙe ciki, kuma kafin la'asar shi ne ke ɗauke da garwar.

Dattijon nan shi ne Baba Manu, shugaban leburorin lambun. Shi ya damƙa masa langalanga, dogon ƙarfen nan mai lanƙwasasshen baki da ake shafce ciyawa da shi a tsaye. Hambali ya iya lauje tun yana ƙarami, amma lauje na mai neman dami ne, langalanga kuwa ta mai son a ce fili ya yi kyau ce. Wata guda ya yi yana saran ƙasa, wani lokacin har da babban yatsan ƙafarsa, kafin hannunsa ya faɗa. Da ya faɗa kuwa, Baba Manu da kansa yakan tsaya da goro a kunci yana kallo, ba ya cewa komai. A wurin Baba Manu wannan shi ne yabo.

Aka sauke tuta aka ɗaga wata. Baturen ya tattara karnukansa ya tafi, uwargidansa ta bar wa leburori takarda mai sunayen furanni, wadda babu mai iya karantawa a cikinsu. Kowa ya zaci an gama ba ciyawa ruwa ke nan. Ina! Manyan ma'aikatan da suka gaji ɗakunan, 'ya'yan manoma irinsa, su ma suka ce suna son su buɗe taga su ga kore. Aikin rani ya zama aikin shekara. Hambali ya je gida ya ɗauko matarsa Hapsatu, suka tare a ɗaki biyu na bayan barikin. Da Allah ya yi wa Baba Manu rasuwa, ba tare da wata takarda ko sanarwa ba, lambun ya koma hannunsa.

Yadda yake aikinsa sai wanda ya gani. Ba ya sa takalmi a cikin lambu. Da gwamnati ta raba musu na roba masu dogon wuya, nasa ya kai wa wansa Dabo can ƙauye, aka riƙa shiga fadama da su. Da tafin ƙafa yake sanin inda ƙasa ta sha da inda take jin ƙishi. Yana idar da sallar asuba zai rataya garwa biyu a sanda, kafin rana ta yi zafi ya gama da furanni da shingen lalle da jerin mangwaron da ya dasa a bayan kicin. Sauran leburori su ji da gefen hanya da bayan ɗakuna, babban filin gaba kuwa nasa ne shi kaɗai. Yakan shiga da langalanga yana tafiya a hankali kamar mai bin garke, ido a ƙasa, baki a rufe. Abokan aikinsa suna ce masa kurma, ko a jikinsa.

Duk shekara Dabo kan aiko a tambaye shi yaushe zai gaji da yi wa ciyawa wanka ya dawo gida, duk shekara ya ce baɗi. Gaskiyar magana ita ce yana son wurin nan, so na haƙiƙa, irin wanda mutum ba ya faɗa don kada a yi masa dariya. A nan aka haifa masa 'ya'ya huɗu, ɗaya ya koma. Ko ranar hutu sai ya sami dalilin zagayawa, ya ce wai ya manta fartanya a waje.

Sai aka yi farin shekarar 1973. Rijiyar bariki ta ja da baya har guga na dawowa da laka. Furannin uwargida, waɗanda aka yi shekara goma sha huɗu ana lallashi, suka bushe cikin mako uku. Ciyawar kiri-kirin da ta rufe babban filin ta ƙone ƙurmus, wuri ya koma jan fage. Kusurwa ɗaya ce ta ƙi mutuwa, ta gabas, ƙarƙashin wani tsohon gawo da ya girmi barikin kansa. Hambali ya daɗe a tsaye a wurin yana jin sanyin ƙasar a ƙafarsa. Ba wani sabon ilimi ba ne, kowane manomi ya san halin gawo: da rani yana rufe da ganye yana ba ƙasa inuwa, da damina ya zubar da ganyen ya bar wa shuka rana da taki. Abin da ya ba shi haushi shi ne shekarun da ya kwashe yana jigilar ruwa a kafaɗa, alhali maganin abin na tsaye a kusurwa tun kafin ya zo.

To amma gawo ba ya son dashe. Saiwarsa ɗaya ce doguwa, kana tsinka ta ka gama da shi. Irinsa kuma ba ya tsirowa da daɗin rai sai ya bi ta cikin saniya, kuma wannan ba sai an koya wa ɗan masu shanu ba. Da rani ya zagayo, Hambali ya je gida daidai lokacin da 'yan shanun da fari ya bar wa Dabo suke kiwo a gindin gawo, ya bi bayansu ya cika buhu shida da busasshen kashinsu. Dabo ya riƙe haɓa yana kallo.

"Mutane na zuwa aikin gwamnati su dawo da keke da rediyo," in ji shi, "kai kuma ka zo kwasar kashin shanu za ka kai wa gwamnati. Lafiya kake kuwa?"

"Lafiya lau, Yaya. Taki ne."

Ya watsa takin a rabin filin na yamma, inda rana ta fi gasawa. Damina ta farko suka tsiro da yawa, rani ya kashe mafi yawansu. Ya sake kawo wani takin. Zuwa farkon daminar 1976 yana da tsiro goma sha tara a warwatse, babbansu bai kai gwiwa ba, 'yan ƙirare masu ƙaya da ba su fi tsinken tsintsiya kauri ba. In ciyawa ta tashi ba mai ganinsu sai shi. Ya san inda kowanne yake, ya san wanda ya karkata da wanda gara ta taɓa, kuma in langalangarsa ta iso wurin sai ta ɗaga ta wuce ba tare da ya yi tunani ba. Bai gaya wa kowa ba. Ba wai ɓoyewa yake yi ba. A shekara goma sha bakwai babu wanda ya taɓa tambayarsa me ya kamata a shuka, shi kuma a tarbiyyar gidansu mutum ba ya kai kansa gaban babba da shawarar da ba a nema ba.

A wannan daminar ce injin ya iso. Lokacin arzikin man fetur ya fara kwararowa, kowa sabon abu yake so, tsohon abu ko yana aiki kunya yake bayarwa. Motar ma'aikata ta sauke akwati a gaban sito, aka fasa, sai ga wani jan abu mai taya huɗu da dogon mariƙi, sai ƙyalli yake. Mai kula da barikin a lokacin Mista Barnabas ne, mutumin Filato, mai sanyin hali, wanda ya fi son zaman lafiya da komai a duniya. Ya tara leburorinsa uku, Hambali da Iliyasu da Maikuɗi, ya daɗe yana gyaran murya kafin ya buɗe takardar da ke hannunsa.

"Daga Kano aka rubuto," in ji shi. "Wannan injin yankan ciyawa ne, yana yin aikin mutum huɗu. Za a kuma jawo famfo a sa bututu mai feshi, babu sauran ɗaukar garwa. Don haka mutum ɗaya za a bari a lambun, wanda ya fi iya tuƙa injin. Nan da mako uku babban jami'i zai zo ya gwada ku da kansa." Ya naɗe takardar bai dubi kowa ba. "Ba ni na rubuta ba, Malam Hambali."

"Na sani, Yallaɓai."

Maikuɗi bai jira gwaji ba, washegari ya hau motar Kano, inda aka ce masu gini na neman leburori ido rufe. Saura Hambali da Iliyasu, mutumin Sundimina, mai shekara talatin da 'yan kai da 'ya'ya biyar, ga ƙarfi ga surutu. Hambali ne ya koya masa riƙon langalanga.

Hapsatu na tankaɗe a tsakar gida lokacin da ya gaya mata, kuma ba ta ajiye rariyar ba.

"To, Malam, sai ka koya," in ji ta. "Kai da ka saba da bijimi mai tunkuyi, wannan tukunyar ƙarfen ce za ta gagare ka? Yara biyu na makaranta a garin nan. Ni dai ka ji, ba na son komawa."

Shi ma ba ya so. Tsoro ya kama shi, tsoro sosai. Yana da shekara arba'in da bakwai, gonar gado tana hannun Dabo da 'ya'yansa, kuma bai san yadda gari zai waye masa ba tare da filin nan a gabansa ba.

Ranar farko ya ja igiyar tayar da injin sau ashirin, injin ya yi masa banza. Da ya ga dama ya tashi, Hambali ya yi tsalle baya yana a'uziyya, kuku da maigadi suka faɗi ƙasa don dariya. Kowa ya ce an gama, aikin na Iliyasu ne. Sun manta da wa suke magana. Hambali ya zauna wa injin nan kamar yadda ake zauna wa sabon sa: ya gane lokacin da yake son mai, ya gane ƙarar da yake yi in ciyawa ta cushe masa, ya koyi kifa shi ya kankare cikinsa ya wasa wuƙar. Mista Barnabas ya tilasta masa takalmin roba don kada wuƙar ta cire masa yatsu, ya sa, ko da yake ya ce ji yake kamar an toshe masa kunne. A bayan ɗakuna suke koyo, don an ba da umarni a bar babban filin ya yi tsawo saboda ranar gwaji. Cikin mako biyu layin Hambali ya fi na Iliyasu miƙewa nesa ba kusa ba, saboda Iliyasu gudu yake yi da injin kamar an biyo shi.

Kuma kada a yi masa ƙarya, Hambali bai ƙi injin ba. Abin da yake yi a kwana huɗu, injin ya gama kafin hantsi, kafaɗarsa da ta shekara goma tana ciwo ta huta. Aibinsa ɗaya ne, duk abin da ya shiga ƙarƙashinsa ya tafi, ciyawa ne ko ba ciyawa ba. Sau uku Hambali na zuwa ƙofar ofis don ya yi maganar tsirran gawonsa, sau uku yana ƙarewa da gaisuwa da tambayar lafiyar iyali. A na ukun Mista Barnabas ya dafa shi ya ce, "In ka yi ranar gwaji yadda kake yi yanzu, magana ta ƙare." Hambali ya yi godiya ya juya.

Sai ya yi wa kansa lissafi irin na masu hankali. Zai aske filin tas, tsirrai da komai. Watakila wasu su sake tohowa, watakila kuma a'a, amma in aikin na hannunsa ai shanun Dabo ba su daina kashi ba. Shekara uku ce za ta tafi, ba rai ba. Ya kwana da wannan shawara ya tashi da ita, ya tabbata ita ce daidai.

Babban jami'in ya iso ranar wata Talata da hantsi cikin sabuwar mota, matashi ne mai tabarau, yana yi yana duba agogo don ana jiransa a wani garin. Aka ja igiya aka raba filin biyu, aka ce Hambali ne babba, ya zaɓa. Rabin gabas babu tsiro ko ɗaya. Da ya ɗauke shi, da ya yi aikinsa hankali kwance, Iliyasu ya share na yamma bai ma san ya yi ba. Hambali ya buɗe baki zai ce gabas, ya ji kansa yana cewa yamma. A ransa ya ce in dai za a yanka su, to gara shi ya yanka.

Iliyasu ya fara. Ya yi gudunsa, layi ya ɗan karkace nan da can, amma fili ya fita fes. Aka miƙa wa Hambali injin. Ja ɗaya ya tashi. Layin farko ya tafi ɗoɗar kamar an ja da zare, na biyu ma haka, har Mista Barnabas ya fara murmushi. A tsakiyar layi na uku tsiron farko yake. Hambali ya hango shi tun daga nesa, ya ƙanƙame mariƙin, ya ce wa kansa a wuce kawai. Saura taku ɗaya, hannuwansa suka danna mariƙin ƙasa, gaban injin ya ɗaga, ya kauce, ya bar ɗan tsibin ciyawa a tsaye. Bai yi niyya ba. Hannun da ya shekara uku yana kaucewa a daidai wurin nan ne ya yi abin da ya saba.

Har a lokacin da sauran gyara, tsibi ɗaya kowa na iya bari. Ya ci gaba, zufa na bin bayansa. Da ya iso na biyun ya dube shi da kyau, shi ne wanda gara ta taɓa ya yi jinyarsa da toka. A nan kam yana sane ya kauce. Daga nan bai ƙara yi wa kansa gardama ba, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya a natse, yana zagaye kowanne. Da ya kashe injin, rabin filin ya fito da tsibi goma sha tara, kamar kan da ɗan koyon wanzanci ya aske.

Jami'in ya cire tabarau ya goge. "Tsoho ya yi ƙoƙari," in ji shi, "amma da alama idonsa ba ya gani sosai." Ya rubuta sunan Iliyasu, ya shiga mota. Maganar idon nan ta yi wa Hambali zafi fiye da rasa aikin, a wannan lokacin dai. Duk da haka ya tsaya ƙiƙam da hannu a baya, bai ce uffan ba har ƙurar motar ta kwanta.

Mista Barnabas ne ya taka cikin filin, ya tsuguna a tsibin farko ya buɗa ciyawar, ƙaya ta soke shi. Ya je na biyu, ya je na uku. Ya dawo yana tsotsar yatsa.

"Malam Hambali, mene ne wannan?"

Tunda an tambaye shi, sai ya faɗa. Ya yi bayanin fari da rijiya da tsohon gawo da shanun Dabo, ya ce nan da shekara goma sha biyar filin nan zai riƙe korensa da rani ko famfo ya kawo ruwa ko bai kawo ba. A shekara goma sha bakwai bai taɓa yin magana mai tsawon wannan ba.

"Haba, Malam! Me ya sa ba ka faɗa ba tun mutumin nan na nan?"

"Ba a tambaye ni ba, Yallaɓai."

Mista Barnabas, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya yi faɗa ranar har kuku ya leƙo ta taga. Da ya huce ya zauna ya rubuta takarda zuwa Kano. Amsa ta zo da wuri, abin da ba a saba ba: an riga an yanke hukunci, kuma a zanen da aka yi wa barikin, filin gaba shimfiɗaɗɗe ne, babu itace.

Hapsatu ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, sai dai ta ajiye tuwo ta juya. A rana ta uku tana ɗaure kwanuka a zane ta ce, ba ta dube shi ba, "Ƙirare ka zaɓa ka bar mu."

"Na farkon ba ni na yi ba," in ji shi. "Sauran ni ne. Ki yafe mini."

Ta ja kullin ta ƙara ja. "To, tunda dai ka tashe mu a kansu, kada ka bari su mutu a banza. In sun mutu, a nan ne ba zan yafe ba."

Saura masa kwana goma wata ya ƙare. Ya kama hannun Iliyasu, wanda kunya ta hana shi haɗa ido da shi tun ranar gwaji, ya bi da shi tsiro bayan tsiro yana nuna masa. Iliyasu ya bi har ƙarshe, sannan ya faɗi gaskiyarsa.

"Baba, wallahi in injin nan na tafiya ba na ganin komai sai kore. Kuma in na bar tsibi-tsibi a fili, ni ma korata za a yi. Ka san yawan bakin da nake ciyarwa."

Hambali ya san gaskiya ya faɗa. Ya yini yana tunani, sai ya tuna wata ɗabi'a ta bariki da ta fi kowace doka ƙarfi. Tun zamanin Turawa, duk abin da aka zagaye da duwatsu aka shafa musu farar ƙasa, to na gwamnati ne. Ba mai taɓawa, ba kuma mai tambayar wa ya sa, don kowa na zaton na sama da shi ne ya ba da umarni. Dutse kuwa ba abin nema ba ne a Birnin Kudu. Ya ɗauki baro ya yi ta jigila daga gindin duwatsun bayan gari. Sannan ya je ƙofar ofis, wannan karon bai tsaya a gaisuwa ba, ya ce yana son farar ƙasa rabin buhu. Mista Barnabas ya dube shi, ya dubi tarin duwatsun ta taga, ya miƙa masa makullin sito bai tambayi komai ba.

Kwana huɗu ya yi yana jerawa yana shafawa. Filin ya wayi gari da farin zobe goma sha tara, kowanne da ɗan ƙirarensa a tsakiya. Wani alƙali da ya sauka a barikin ya tambayi kuku me gwamnati ta dasa haka, kuku ya ce wani itace ne mai tsada daga ƙasar waje, alƙali ya gyaɗa kai ya ce ai daga gani ka sani. Amma Hambali bai yaudari kansa ba. Dutse ana iya kwashe shi cikin rabin yini. Kuma duk yankan da za a yi, sai mai injin ya rage gudu ya ɗaga ya zagaya sau goma sha tara, ga Iliyasu da gaggawa. Da ya yi masa maganar, abin da Iliyasu ya ce kawai shi ne, "Zan gwada, Baba."

Hambali ya rayu shekara ashirin da ɗoriya bayan wannan a ƙauyensu, yana noma ɗan yankin da Dabo ya yanka masa, kuma bai sake taka barikin ba. In ana hirar zamansa a Birnin Kudu ba ya ba da labarin Bature ko na ranar gwaji, sai na safiyar da ya bar garin.

Hapsatu da yara sun riga sun tafi da kaya tun jiya. Ya mai da kakin gwamnati, ya yi sallama da kuku da maigadi, ya fito bakin hanya da ɗan ƙunshinsa yana jiran motar Gwaram, wadda sau ɗaya take wucewa a rana. Shingen lallen da ya dasa da hannunsa ya fi shi tsawo, ba ya hango filin. Yana nan tsaye sai ya ji an ja igiya, injin ya tashi. Yankan Iliyasu na farko ke nan shi kaɗai.

Injin nan in yana cin ciyawa gurnani yake yi mai kauri, in aka ɗaga gabansa za a kauce sai muryar ta sirance. Hambali kuwa ya san filin taku bayan taku. Ya juya wa shingen baya ya kasa kunne. Layi na farko ya wuce, na biyu ya wuce. A tsakiyar na uku gurnanin ya sirance, ya ɗan jima, ya dawo. Hambali ya lanƙwasa yatsa ɗaya. Can kuma ya sake sirancewa, ya lanƙwasa na biyu.

Yana kan na bakwai motar ta iso, yaron mota na dukan ƙofa yana kiran Gwaram, Gwaram. Direba ya san shi, ya leƙo ya ce, "Baba, shigo mana, ko ka fasa?" Hambali ya ɗaga masa hannu alamar ya wuce, don ba ya son ya yi magana lissafi ya ɓace masa. Direba ya girgiza kai ya ja motarsa.

Rana ta ɗaga, yana nan tsaye. Yatsun hannu suka ƙare ya sake farawa. Goma sha bakwai, goma sha takwas, sannan na ƙarshe can kusa da waya, inda ya fi wuyar juyawa. Muryar ta sirance, ta daɗe, ta dawo. Babu wanda aka tsallake. Murna ta kama shi, kuma murnar ce ta fi komai yi masa ciwo, don a lokacin ya gane lambun zai ci gaba da rayuwa ba tare da shi ba. Ya share fuskarsa da hannun riga. Babu wata mota sai gobe, kuma ba shi da ɗaki a garin nan yanzu. Ya saɓa ƙunshinsa a kafaɗa ya kama hanyar Gwaram a ƙasa.